Gululu a Jikin Kumbo

A rumfar aikinmu da ke bayan garin Warzazat akwai wani dogon teburi, kuma duk abin da ya hau kansa ya zama na kumbo. Haka tsarin yake tun kafin in fara aiki a wurin. Murfin kwalba, haƙorin mataji, hanjin tsohuwar rediyo, maɓallin riga, bututun sirinji, ka ajiye ka juya baya, wani ya shafa masa gam ya manna. Wani direba ya taɓa ajiye makullin motarsa ya shiga bayi. Sai da aka wuni ana nema kafin a gano shi a ƙeyar kumbo ya zama eriya, har an fesa masa fenti.

Kumbon da muke ginawa a shekarar na wani fim ne na Turawa, irin na yaƙin sararin samaniya. Tsawonsa ya kai na motar safa, amma a majigi za a nuna shi a matsayin gari guda mai yawo tsakanin taurari. Tarkacen nan su ne asirin aikin. In jikin kumbo ya yi sumul, kowa ya san abin wasa ne. Sai an liƙa masa ƙananan abubuwa dubbai, an fesa musu fenti ruwan toka gaba ɗaya, sannan ido zai yarda cewa murfin man goge baki tankin mai ne da ya fi gida girma. Daga nan sai a miƙo mini. Ni Rkiya, aikina tsufar da abu. Da gawayi da jar ƙasa da burushi nake sa abin da aka gama jiya ya yi kamar ya shekara ɗari yana shan wuya. Ina alfahari da hannuna, ba na ɓoyewa, kuma wanda ya taɓa burushina ba da izini ba yakan ji a kunnensa.

Shugaban rumfar shi ne Mbarek, ɗan gwaggota. Ma'aikata suna ce masa Ma'allam, ni kuwa Dadda nake kiransa tun ina yarinya, don ya girme ni. Mutum ne marar surutu, in ya sa abu a gaba ko shayinsa sai ya huce a kofi. Uwarsa, Lalla Tuda, yayar mahaifina ce, tana zaune da shi da matarsa Ijja a ƙauyenmu da ke bakin kogi. Lalla kiran girmamawa ne da bare ke yi mata; shi Immi yake ce mata, wato uwata, ni kuma Amti, wato gwaggo.

Idon gwaggo ya tafi da daɗewa, daga baya hankalin ma ya fara binsa kaɗan-kaɗan. Abin da ya riƙe ta shi ne mazarinta. In ta zauna a bakin ƙofa da gashin tumaki a cinya, ta murza mazarin ya kama juyi, sai ta dawo cikinmu. Ta san sunan kowa, ta san wanda bai zo gaishe ta ba, ta ci burodi da man zaitun tana kushe shayin Ijja wai ruwan wanke kwano ne. In kuwa aka raba ta da shi na ɗan lokaci, sai ta zama baƙuwa a ɗakinta, ta riƙa tambayar yaushe za a mayar da ita gida. Gululun mazarin, wato nauyin da ke ƙasansa, baƙin dutse ne mai rami a tsakiya da ɗan guntulewa a gefe. Na kakarta ne.

Da sanyi ya shigo ta kamu da ciwon ƙirji aka kwantar da ita a asibiti. Gululun ya daɗe yana sulluɓewa daga sandarsa, sai Mbarek ya ga ga dama ta samu, ya ɗauko mazarin ya zo da shi rumfa don ya gyara. Ya zare gululun ya ajiye, ya fara feƙe sandar, sai aka kira shi wai ƙafar da ke riƙe da kumbo ta karkace. Ya cusa sandar a aljihu ya fita. A kan dogon teburi ya ajiye gululun. Tsakanin zirga-zirgar asibiti da aikin da ya sha masa kai, bai sake tunawa da shi ba sai ranar da aka sallami gwaggo, ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙa hannu.

Washegari ya shigo rumfa da sandar mazari tsirara a hannu. Ya wuce kai tsaye wajen Hmad, mai yi mana zubi.

"Hmad, kwanakin baya ka ga wani baƙin dutse mai rami a kan teburi?"

"Mai ɗan guntun gefe? Ai Ma'allam, abin nan ya yi kyau. Na yi masa mazubi na zuba ɗaruruwa da ruwan roba. Su ne ka gani a kewayen injuna."

"Na asalin fa?"

"Shi ma yana jiki mana. Me zai zauna yi a ƙasa?"

"A ina ka manna shi?"

Hmad ya sosa ƙeya. Ya dubi kumbo, ya dubi Mbarek, ya ce wallahi ba zai iya tunawa ba, duk a tire ɗaya ya zuba su aka yi ta ɗiba.

Na wanke Hmad tas a gaban kowa. Na ce masa da uwarsa ce ta hau teburin nan ita ma sai ya yi mata mazubi. Ya sunkuyar da kai. Na san ba laifinsa ba ne, abin da aka koya masa ya yi, kuma Mbarek ne ya koya masa. Amma dole in zagi wani, kuma ba zan iya zagin mutumin da ke tsaye yana kallon kumbonsa fuska ba annuri ba. Ga gululun nan ko'ina muka duba: a kewayen injuna, a jere gefen ramuka, a ƙarƙashin fuka-fukai, duk ruwan toka, duk da guntun gefe iri ɗaya.

Muka ɗauki ƙusoshi muka fara ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Roba tana amsawa a dushe, dutse kuwa zai yi ƙara mai kaifi. Masu fenti, kafintoci, har mai dafa mana shayi, kowa ya kama sashe. Wanda aka gwada sai in ɗiga masa alli. Muka gama da duk na waje, roba ce. Saura na ciki. Shi kumbo bene-bene ake gina shi, a cika na ƙasa da tarkace sannan a rufe da faifan sama, a bar 'yan tsaga don kyamara ta hango zurfi. Da tocila muna hango su can ciki, birjik, amma ƙusa ba ta kai wa.

Mbarek ya je wajen darakta. Ba mugun mutum ba ne, ya saurara ta bakin tafinta, har ya cire hularsa. Ya ce ya yi haƙuri, ba za a yanka kumbo ba sai an gama ɗaukarsa, don an riga an ɗauki rabi kuma dole sauran ya yi daidai da shi. Amma ya ce ai a ƙarshen fim fasa shi za a yi da nakiya. Roba za ta ƙone, dutse ba ya ƙonewa.

To, mu da sana'armu ke nan ruɗar ido, sai muka ce bari mu gwada. Mbarek ya ɗauki ɗaya daga cikin na roba, ya yi masa baƙin fenti, ya sa a sandar ya kai wa gwaggo. Ta auna shi a tafin hannu sau ɗaya ta ajiye.

"Wannan ai busasshen kashin raƙumi ne. Ina nawa?"

"Yana wajen gyara, Immi."

"Wane irin gyara ne ba ya ƙarewa? Ubanka ma ya fi ka sauri, shi da ake yi wa dariya."

A ranar har mun yi dariya, don ta san shi, ta san ubansa. Amma ba ta taɓa tuwon sha'ir ɗin da Ijja ta ajiye mata ba.

Ya sauka bakin kogi ya tsinto baƙin dutse. Ya sassaƙa shi da ƙaramin injinmu, ya auna da mazubin Hmad har guntun gefen ya fito daidai. Na biyun nan ta ɗan juya shi a yatsu, ta kai hanci, ta ce sabo ne, ƙanshin kogi yake. Sai na karɓa. Na ce masa, "Dadda, ka bar wa masu abin abinsu." Na dafa shi a kitsen tunkiya, na turara shi da hayaƙin itacen dabino, na goga shi da ulu har yatsuna suka yi kanta. Da na gama, ni kaina na yarda da shi. Na durƙusa gabanta na ce, "Amti, ga shi an gama gyara."

Ta karɓa. Ta shafa, ta sansana, ta sa a sandar, har ta jawo zaren ulu ta murza. Ijja ta kama hannuna ta matse. Mazarin ya yi juyi kaɗan, sai gwaggo ta tare shi da tafin hannu.

"Wa ya aiko ki, yarinya?"

"Ni ce Rkiya, Amti. 'Yar Bihi ƙaninki."

"Bihi bai yi aure ba tukuna," in ji ta. Ta miƙo mini gululun. "Ki mayar wa mai shi, kada a ce na ɗauki kayan mutane."

Ban taɓa jin kunyar sana'ata ba sai ranar. Na fita bayan gida na yi kuka mai isata, ina jin haushin kaina da haushin tsohuwar da ba za ta bari a yi mata ƙarya ba ko don ta rayu.

Daga nan ta daina cin komai sai ɗan ruwa da dabino guda in an dace. Likita ya zo ya sa mata ƙarin ruwa, ta fizge allurar. Ya ce jikin ba wani sabon ciwo, ita ce ta ƙi, kuma mai shekarunta ba ya daɗewa a haka. Kullum tana bakin ƙofa, hannunta na dama yana murza iska a kan cinya.

A rumfa kuwa kowa ya san yadda ma'aikata ke ji in ranar fasa kumbo ta matso. Mutum ya shafe watanni yana manna abu da tsinke, sannan a tarwatsa shi kafin a ƙifta ido. Wasu ba sa ma zuwa kallo. Mbarek a da yana cikinsu. Wannan karon shi ne ke bin Si Buazza mai nakiya daga wannan lungu zuwa wancan.

"Si Buazza, yaushe?"

"Ma'allam, tun da nake ban taɓa ganin mai gini yana roƙona in rushe masa ba. Ni a shirye nake. Ba ni ke riƙe da ku ba."

Gaskiya ya faɗa. Da farko darakta ya ce a sake ɗaukar cikin kumbo don haske bai yi masa ba. Aka sake. Sannan aka ce kyamarar da ke ɗaukar fashewa, mai gudun tsiya, tana hanya daga ƙasar waje. Aka ce gobe, gobe ta zo aka ce jibi. Fashewa sau ɗaya ake yinta, ba wanda zai yarda a yi ta da kyamarar da ba ita ba. Mbarek ya rame, gemunsa ya cukurkuɗe. Da safe yana ƙauye da cokali a hannu yana lallashi, da hantsi yana rumfa yana zagaya kumbo da tocila yana leƙa tsagogi. Har ya zaɓi wani guda can ciki kusa da injin hagu ya ce shi ne, wai yana jin sa a jikinsa.

Si Buazza ya gama jera nakiyoyinsa a cikin kumbo, aka kewaye shi da jar igiya, aka hana kowa matsowa. Ranar da Ijja ta bugo waya ta ce gwaggo ta ƙi ko ruwa, muna cikin cin abincin rana ne, an zagaye kaskon tajin, dahuwarmu ta nama da kayan lambu. Na ɗaga kai ban ga Mbarek ba. Na tashi da burodi a hannu. Na same shi ya tsallake jar igiya, ya hau tsani, ya kafa ƙaramin zarto a faifan da ke saman injin hagu.

"Dadda, sauko."

"Tsaga ɗaya ce, Rkiya. Ke za ki shafe ta da fenti, ba wanda zai gani."

"Wayoyin Si Buazza suna ƙarƙashin wurin nan. Ka sauko."

"Mutuwa take yi."

"Na sani. In ka tashi rumfar nan da kanka a ciki, wa zai kai mata? Ni, da ta ce ubana bai yi aure ba?"

Bai saurare ni ba, ya fara jan zarto. Si Buazza ne ya zo ta bayansa ya hau tsanin, ya kama wuyan hannunsa a hankali, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan'uwana, yatsa biyu ya rage tsakaninka da waya." Ya zare zarton daga hannunsa. Mbarek ya zauna a matakalar tsani ya rufe fuska da hannun riga. Ba wanda ya kai maganar gaba, ni kuma na shafe tsagar kafin la'asar.

Kyamarar ta iso. Aka kai kumbo babban zaure mai baƙin labule, aka rataye shi a rufi da igiyoyin ƙarfe. Kyamara tana cikin rami a ƙasa, an rufe ta da gilashi mai kauri, tana kallon sama, don tarkacen da za su zubo su yi kamar suna watsuwa a sararin da ba ƙasa. An shimfiɗa yashi ko'ina. Hmad ya zo da rariya fiye da goma da ya aro gida-gida a unguwarsu, ya jingine su a bakin ƙofa.

Muna tsaye a bayan katanga aka danna maɓallin nakiya. Ƙarar ta daki ƙirjina, wuta ta cika rufi, aikin watanninmu ya zubo yana ci. Turawa suka yi ta tafi suna rungumar juna, an ce ɗaukar ta yi kyau. Ni ban gani ba, Mbarek nake kallo. Masu kashe wuta ba su gama fesa ruwa ba ya shige cikin hayaƙi.

Muka bi shi. Kafintoci, masu fenti, Si Buazza, har tafinta da farar rigarsa, duk muka durƙusa a jiƙaƙƙen yashi muna tankaɗe. Warin ƙonanniyar roba yana shaƙe mu. Kowane dunƙule mai rami sai an ɗaga an ƙwanƙwasa, yawancinsu sun narke sun lanƙwashe. Rana ta karkata, gwiwoyina suka sale, na fara tunanin ko dutsen ya tarwatse ne, ko ya yi tsalle ya maƙale a rufi. Ina kallon yadda Mbarek ke tona yashi da yatsu, ya yar da rariyar ma.

Hmad ne ya same shi, can gefen bango, maƙale a cikin wani guntun ƙarfe. Ya ƙwanƙwasa da ƙusa, duk muka ji ƙarar. Ya kawo shi a tafin hannu biyu yana hawaye. Bai fashe ba. Sai dai fenti ya ƙone a jikinsa, roba ta narke ta toshe ramin, gam ya daskare a gindinsa.

Mbarek ya kai shi rumfa ya ɗauko kwalbar ruwan wanke fenti. Na buɗe baki zan yi magana, don ni na san abin da ruwan nan ke yi. Ba ya bambanta fentin bana da maiƙon hannun shekara da shekaru, duk tare yake kwashewa. To amma me zan ce? Ba za a kai mata shi da roba a rami ba. Na bar shi. Ya jiƙa, ya kankare da tsinke, ya wanke da sabulu, ya sake wankewa. Dutsen ya fito fes, baƙi, da ɗan guntun gefensa.

"Bari in ɗan shafa masa kitse," na ce.

"A'a. Ƙaryar ta isa. Wannan nata ne, za ta sani."

Muka isa ƙauye kafin magariba. An shigar da gwaggo ɗaki, an jingina ta da matashi, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin mayafi. Ijja ta ɗumama romon harira ta tsaya da kwano a bakin ƙofa, a shirye. Mbarek ya sa gululun a sandar, ya durƙusa, ya buɗe tafin hannun uwarsa ya ɗora mata.

"Immi, ga shi. Naki ne, na kakarki. Na kawo."

Yatsunta suka rufe a kansa. Babban yatsan ya tafi kai tsaye wajen guntun gefen ya tsaya. Ta auna nauyinsa. Ta daɗe a haka, har na ji Ijja tana salati ƙasa-ƙasa a bayana. Sannan ta ɗaga shi a hankali ta kai hanci. Ta sansana, ta sake sansanawa, ta kawar da fuska.

Ta laluba ta samu hannun Mbarek, wanda yashi da wuta suka ɗaye wa fata, ta mayar masa da mazarin, ta naɗe yatsunsa a kai cikin ladabi.

"Ka yi ƙoƙari, bawan Allah, wannan ya fi sauran kama. Amma ba shi ba ne." Ta ɗan huta, numfashinta yana fita da ƙyar. "In ka haɗu da ɗana Mbarek a gari, ka ce masa ya dawo mini da nawa. Ka ce ina jira, ban ci abinci ba."

Mbarek ya dubi dutsen da ke hannunsa. Ya gyara mata mayafin da ya zame daga kafaɗarta.

"To, Lalla," ya ce. "Zan gaya masa."